Wanzami a Ƙarƙashin Dutse

A shekarar 1938, a wani ƙauye da ake kira Avebury a gundumar Wiltshire ta kudancin Ingila, ma'aikata suna tone gefen wani dutse mai nauyin kusan tan 13 da suka tarar kwance cikin rami, sai suka ci karo da ƙashin mutum. Suka ajiye manyan kayan aiki, suka koma share ƙasa a hankali, har mutum ya fito cikakke, a matse tsakanin dutsen da bangon ramin. Tare da shi akwai almakashi na ƙarfe, da wani siririn tsinken ƙarfe, da sulallan azurfa guda 3.

Abin da ya ɗaure kai shi ne, mutanen da suka kafa wannan dutse sun yi zamaninsu ne wajen shekara 4,500 da suka wuce. Ba su san ƙarfe ba, balle almakashi, balle kuɗi. To me ya haɗa mai almakashi da dutsensu? Wa ya kwantar da dutsen, wa kuma ya haƙa ramin? Mutumin da ya ɗauki nauyin tonon, Alexander Keiller, bai taɓa zama a ajin jami'a ba, amma ya daɗe yana bin sawun wannan al'amari tun kafin ƙasusuwan su bayyana. Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane abin da yake nema.

Duk wanda ya san ganuwar Kano ko ta Zariya zai iya kwatanta Avebury a ransa. Tudun ƙasa ne zagaye da fili mai faɗin kusan eka 28, da ƙofofi 4, da gwalalo mai zurfi. Sai dai a garuruwanmu gwalalo a waje yake, domin ya tare mahara, a nan kuwa a ciki aka haƙa shi, ganuwar tana bayansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba don yaƙi aka yi wurin ba. Da aka tone gwalalon tsakanin 1908 da 1922, an tarar zurfinsa ya kai mita 9 a wasu wurare, a ƙasansa kuma ga ƙahonin barewa da maginan suka yi amfani da su a matsayin diga. A bakin gwalalon ta ciki aka jera duwatsu kusan 100 a tsaye, zobe guda mai faɗin fiye da mita 330, wasu duwatsun sun haura tan 40. Cikin babban zoben akwai ƙanana guda 2. Daga ƙofar kudu kuma wata hanya ta miƙe, duwatsu bibbiyu dama da hagu, tafiyar kusan kilomita biyu da rabi. Daga baya ƙauye ya zo ya zauna a tsakiyar wannan duka, da gidajensa da garakensa da titunan da suka ratsa.

Lokacin da Keiller ya fara zuwa, kaɗan ne daga cikin duwatsun ke tsaye. Wasu na kwance cikin ciyawa da bola, mafi yawa kuma babu su babu alamarsu. Dutse mai tan 20 ba kaza ba ce da za a saɓa a hammata. Ina suka tafi?

Rabin amsar tana rubuce tun da daɗewa. A watan Janairun 1649 wani saurayi mai suna John Aubrey ya biyo ta ƙauyen yana farauta, ya ga duwatsun, ya gane aikin hannun mutane ne, daga baya ya zana taswirarsu bisa umarnin Sarki Charles na Biyu. Bayansa, tsakanin 1719 da 1724, wani likita, William Stukeley, ya riƙa zuwa yana aunawa yana zanawa, kuma a kan idonsa ake farfasa su. Ya bayyana yadda ake yi. A haƙa rami a gindin dutse, a tura shi ya faɗa, a cika ƙarƙashinsa da tattaka a cinna wuta. In ya yi jawur sai a kwarara masa ruwan sanyi a kan layin da ake so ya tsage, a bi shi da guduma. Masu fasa dutse a ƙasarmu har gobe suna gasa fā da wuta kafin su sa masa guduma, dabarar ɗaya ce. Da gutsattsarin aka gina gidaje da katangu, har da wani ƙaramin coci a cikin zoben. Stukeley ya ambaci sunayen masu wannan aiki, wanda ya fi jin haushinsa shi ne wani Tom Robinson.

Amma lissafi bai cika ba. In ka haɗa waɗanda Stukeley ya gani a tsaye, da na kwance, da waɗanda dattawan ƙauyen suka ce sun tuna an fasa, har yanzu akwai manyan giɓi a zoben. Shi kansa ya bar wata 'yar magana da ta zama bakin zare: ya ce kafin a gano dabarar wuta, manoma haƙa rami suke yi su binne dutsen, kuma a lissafinsa kuɗin haƙa ramin ya fi abin da ɗan filin zai kawo a shekara 30. Shi dai ya ɗauka abu ne na kwana-kwanan nan a zamaninsa. Matsalar ita ce mutane sun daina ɗaukar Stukeley da muhimmanci, domin a littafin da ya buga a 1743 ya cakuɗa awonsa da tatsuniyar cewa wurin haikalin maciji ne na bokayen Birtaniya ta dā. Aka haɗa gaskiyarsa da shirmensa aka watsar. A 1881 wasu limaman coci biyu, A. C. Smith da W. C. Lukis, sun sa an bi filin ana caka sandar ƙarfe, an kuma ji ta tana dukan dutse a wurare da dama. Aka rubuta, aka mayar da ƙasa, maganar ta sake kwantawa.

An haifi Keiller a birnin Dundee na Sikotland a 1889. Gidansu ne ke da shahararren kamfanin nan mai yin jam ɗin lemo da Turawa ke shafa wa burodi. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 9, mahaifiyarsa ta bi baya kafin ya cika 18, dukiya ta dawo hannunsa shi kaɗai. Yaro irin wannan, kowa ya san inda aka fi tsammanin ya ƙare, kuma lalle ya taɓa rayuwar: motocin tsere, wasan zamiya a kan ƙanƙara, aure har sau 4. Amma akwai abin da ya riƙe shi. Ya riƙa yawo a karkarar Aberdeen yana auna zobban duwatsun da ke can da hannunsa, yana rubuta halin da kowanne yake ciki. A nan ya koya wa kansa awon ƙasa, kuma ya zama mai tsananin tsantseni a kansa, irin mutumin da zai sa a sake aikin yini guda saboda kuskuren inci ɗaya.

A 1924 ya biya kuɗin jirgin sama, shi da wani masanin kufai, O. G. S. Crawford, suka riƙa ɗaukar hotunan kufai daga sama, aikin da ya zama littafi a 1928. A wajen wannan lokacin ne kuma ya ji kamfanin Marconi na shirin kafa tashar rediyo a kan tudun Windmill Hill, kusa da Avebury, inda mutanen zamanin dutse suka taɓa zama. Sai kawai ya saye tudun. Ya yi tono a can daga 1925 zuwa 1929, da farko a ƙarƙashin wani ƙwararre, daga baya ya karɓi ragamar da kansa. Daga kan tudun nan ana hango Avebury. Ya kuma yi wani abu da ya fi sayen ƙasa amfani: ya sayi ainihin zane-zanen da Stukeley ya yi a fili da hannunsa, waɗanda ba a riga an gyara su don su dace da labarin maciji ba. Da ya zauna da su sai ya ga likitan nan mai ido ne, abin da ya gani shi ya zana.

A 1934 ya fara da hanyar duwatsun nan ta kudu. Mataimakinsa wani saurayi ne, Stuart Piggott, wanda shi ma a lokacin ba shi da digiri, ko da yake daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Edinburgh. Abin da ya taimake su shi ne irin ƙasar wurin. Ƙarƙashin ciyawa, da ɗan taƙi kaɗan, alli ne fari fat. Duk ramin da aka taɓa haƙawa a cikinsa, ko shekara dubu nawa ya yi, in aka share saman zai fito da launin ƙasa-ƙasa a kan fari, kamar tabon shayi a farar riga. Sai suka yanka dogayen layuka bisa inda zanen Stukeley ya nuna, suka kankare har kan allin, suka tsaya suna karanta tabo.

Tabon farko da suka koyi ganewa shi ne gurbin dutse na asali: rami marar zurfi sosai, cikinsa da ƙananan duwatsun da maginan suka cusa don su tokare babban. Wannan ya gaya musu daidai inda kowane dutse ya tsaya, ko da shi kansa ya ɓace. Kusa da wasu guraben sai su tarar da rami baƙi ƙirin, cike da tokar tattaka da ɓarɓashin dutsen da wuta ta ci. Wannan aikin su Tom Robinson ne, kuma ya gaskata Stukeley kalma da kalma. Amma kusa da wasu guraben babu toka ko kaɗan. Abin da ke wurin wani rami ne daban, mai zurfi, an yanke bangonsa tsaf daidai da siffar abin da za a sa a ciki, kamar yadda ake yanka kabari daidai da mai shi. Da suka zurfafa, sai ga dutsen a kwance, lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu.

Ashe duwatsun da suka ɓace tun kafin Aubrey da Stukeley ba su je ko'ina ba. Suna nan ƙarƙashin ƙafafun tumaki, taku kaɗan daga inda aka kafa su. Kuma binnewar ce ta cece su, domin lokacin da masu wuta da guduma suka zo, abin da ido ya gani shi suka fasa.

Keiller ya yanke shawarar tayar da su. Da katako da igiyoyin ƙarfe da jak, ake ɗaga dutse a juya shi har gindinsa ya zauna cikin gurbinsa na asali, sannan a ɗaure shi da kankare a ƙarƙashin ƙasa. Inda dutse ya riga ya halaka, bai sa an sassaƙo wani a madadinsa ba. Wani ɗan ginshiƙin siminti yake kafawa, wanda ko yaro ya gani ya san sabon abu ne. A ganina wannan ita ce shaidar amanarsa mafi girma. Yana da kuɗin da zai cike kowane giɓi da dutsen da zai ruɗi mai kallo, amma ya zaɓi ya nuna wa na baya iyakar abin da ya samu. Ya sayi fili wajen eka 950, ya koma babban gidan ƙauyen da zama, a 1937 ya shiga babban zoben kansa.

Saura tambaya ta biyu: yaushe aka yi binnewar? Cikin ƙasar da aka cike ramukan da ita an riƙa samun katangar tukwane irin na tsakiyar zamani, abin da ya nuna aikin ya girmi Stukeley nesa ba kusa ba. Amma katangar tukunya ba ta faɗin shekara. Sai a 1938, a ɓangaren kudu maso yamma na zoben, aka kai ga dutsen da muka fara da shi. Sulallan da ke tare da mamacin an buga su ne wajen 1320 zuwa 1325. Mutum ba ya riƙe kuɗin da ba a buga ba tukuna, saboda haka ramin ba zai girmi waɗannan shekaru ba, kuma da wuya ya ƙanƙance su da yawa. Sulalla 3 suka mayar da tarihin binnewar baya da kusan shekara 400 daga inda Stukeley ya ajiye shi.

Shi kuma mamacin, wane ne? Keiller ya dubi almakashin da tsinken ya ce wanzami ne. A Turai ta wancan zamani mai aski shi ne mai cire haƙori, shi ne mai tsaga ƙurji da fitar da jini, yana yawo ƙauye-ƙauye da 'yar jakarsa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san zabira, ya san aska da ƙaho. Daga nan labari ya haɗu da kansa: baƙon wanzami ya iso ƙauye, ya tarar ana kayar da dutsen arna, ya sa hannu, dutsen ya suɓuce ya danne shi, mutanen gari suka kasa ɗagawa, suka tura ƙasa suka rufe shi a wurin. Aka tayar da dutsen, aka raɗa masa suna Dutsen Wanzami. Almakashin, wanda yana cikin mafi daɗewa da aka samu a Ingila, ya shiga gidan tarihin da Keiller ya buɗe a tsohon bargar dawakin gidansa a shekarar. Ƙasusuwan kuma ya aika da su Kwalejin Likitocin Tiyata da ke Landan don masana su duba.

A watan Mayun 1941 jiragen Jamus suka yi wa kwalejin ruwan bama-bamai, dubban kayan da ke ajiye a can suka ƙone. Kowa ya sallama cewa wanzami ya tafi tare da su. Fiye da shekara 50 ana ba wa baƙi labarin yadda dutse ya murƙushe shi, babu mai iya dubawa, domin shaidar ta zama toka.

Sai a 1998 wani mai binciken kufai, Mike Pitts, wanda ya taɓa riƙe gidan tarihin na Avebury, ya bi takardun ajiya ya gano cewa ba duka kayan kwalejin ne suka ƙone ba. An kwashe waɗanda suka tsira zuwa babban gidan tarihin halittu na Landan. A can, cikin ɗakin ajiya, ya tarar da wanzami. Aka shimfiɗa ƙasusuwan aka duba su da idon zamani. Ƙashin mai rai yana da danshi, in ya karye yakan tsage ne kamar ɗanyen ice, na wanda ya daɗe da mutuwa kuwa ɓallewa yake yi kamar busasshen kara, kuma masana suna bambance su. Ba a ga irin raunin da dutse mai tan 13 zai yi wa mai rai ba. Abin da aka gani shi ne wani babban sara a ƙoƙon kansa, wanda ya riga ya warke tun yana raye. Wannan ya buɗe wata fassarar: mutumin ya riga ya mutu, aka sa gawarsa a ramin da aka tanada don dutse, aka rufe su tare. Akwai masu cewa ƙasa na iya rufta wa mutum ta kashe shi ba tare da ta karya masa ƙashi ba, kuma maganarsu abar saurare ce. Ni dai na fi karkata ga cewa gawarsa aka sa a ramin. Coci na nan bayan ganuwa, tafiyar 'yan mintuna, da maƙabartarsa. Baƙon da aka hana shi kwanciya a can, aka kuma bar kuɗi a jikinsa ba wanda ya taɓa, ruwa ba ya tsami banza. Har sana'ar tasa ma an sake dubawa, domin tela ma yana yawo da almakashi.

Dalilin binne duwatsun shi ma ya sha irin wannan bita. An daɗe ana cewa malaman coci ne suka sa a kawar da su saboda kayan arna ne, kuma sunayen da mutanen yankin suka ba wasu duwatsun, irin su Kujerar Shaiɗan, suna ƙarfafa wannan zato, haka ma lissafin Stukeley na cewa aikin ba ya biyan kuɗinsa. Amma masana biyu da suka yi shekaru suna tono a wurin daga baya, Mark Gillings da Joshua Pollard, sun nuna cewa hujjar hakan ba ta da ƙarfi. Ba a binne duka ba, an bar da yawa a tsaye a tsakiyar gari, waɗanda aka kwantar kuma an yi musu ramuka cikin natsuwa ba tare da an illata su ba. Wannan ya fi kama da aikin masu gonaki, kowa yana gyara fegin da ya mallaka, a lokuta daban-daban. Su ne kuma, tare da abokan aikinsu, a 1999 suka tono hanyar duwatsu ta biyu a yamma, wajen Beckhampton, wadda Stukeley ya zana aka ce ƙirƙira ya yi. Ga guraben, ga ramukan toka, ga duwatsu a binne, daidai inda ya ce.

Ba zan rufe ido a kan abin da aikin Keiller ya jawo wa mutanen ƙauyen ba. Don zoben ya fito fili, ya sare itatuwa, ya rushe gidaje da garake, iyalan da kakanninsu suka zauna a wurin suka koma wata sabuwar unguwa a Avebury Trusloe, hukumar National Trust da ta gaje shi kuma ta ci gaba da rushe-rushen bayan yaƙi. Ya ba mutane da yawa aikin yi a lokacin da aiki ke wuya, wannan gaskiya ne, amma wanda aka rushe ɗakin da aka haife shi ba lalle ya ga kyan dutse ba. Masana na yau ma ba za su yarda a kafa dutsen tarihi cikin kankare ba. Duk da haka, ya auna komai, ya ɗauki hoton komai, ya ajiye komai har ƙashin baƙon da ba a san sunansa ba. Da ya mayar da ƙasusuwan rami ya riƙe labarinsa mai daɗi, da babu wanda zai iya gyara masa kuskure bayan shekara 60.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da tonon a 1939, an yi kusan rabin zoben ke nan. Aljihunsa ma ya yi sauƙi. A 1943 ya sayar wa hukumar National Trust filin a kan fam 12,000, kuɗin gona kawai, bai sa ko kwabo na abin da ya kashe a kan duwatsun ba. Ya rasu a 1955 bai rubuta cikakken rahoton aikinsa ba. Matarsa Gabrielle ta ɗauki wata masaniyar kufai, Isobel Smith, ta tattara takardunsa, littafin ya fito a 1965, a shekara ta gaba kuma ta mallaka wa ƙasa gidan tarihin da abin da ke cikinsa. A 1986 UNESCO ta sa Avebury, tare da Stonehenge, cikin wuraren tarihi na duniya.

Rabin gabas na babban zoben, wanda Keiller bai kai ga gyara shi ba, har yau giɓi ne mafi yawansa. A 2003 hukumar National Trust ta bi wannan ɓangare da na'urar da ke gano abin da ke cikin ƙasa ba tare da an tona ba, ta ga aƙalla manyan duwatsu 15 kwance a jere bisa layin zoben. Ba a tayar da su ba. Suna nan inda mutanen zamanin wanzami suka kwantar da su, tumaki na kiwo a kansu.